Makullin da Oga Ya Jefa a Guruf

A daminar da na ajiye alli na bar koyar da kwamfuta a sakandare, na shiga wani ɗan aiki na lafiyar dabbobi a nan Birnin Gwari. Mu huɗu ne. Akwai Oga, wanda ya samo aikin daga wajen masu ba da tallafi. A Kaduna yake zaune, ba ya leƙo mu sai ya ji an ce hanya ta yi sauƙi. Akwai Injiniya, Bazazzagiya, ita ma a Kaduna, ita ce ta rubuta manhajar da muke aiki da ita. Akwai abokina, Bafulatani, wanda muka yi firamare tare. Shi ke shiga rugage a kan babur yana sauraron abin da ke damun shanu. Sai ni, da nake zama a wani shago da muka kama a bayan kemis, ina shigar da abin da ya kawo a laftof.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. In sammore ko ciwon huhu ya ɓulla a wani garke, abokina ya kawo labari, in shigar, likitan dabbobi ya duba ya san inda zai nufa da allura kafin ciwon ya tsallaka garken gaba. Amma kafin likita ya san inda zai nufa, dole a rubuta inda kowace ruga take, da sunan maigidan, da yawan shanunsa. Duk wanda ya zauna a gefen dajin nan ya san waɗannan ba abubuwan da ake faɗa wa baƙo ba ne. Makiyayan da muke aiki da su suna cikin tsaka mai wuya. Ɓarayin daji na kore musu shanu, a cikin gari kuma akwai masu ganin duk mai sanda da malfa ɓarawo ne. Arɗon da ke wajen dajin Kamuku bai yarda an rubuta rugarsa ba sai don abokina ɗan ƙanensa ne, kuma ya dafa ƙirji ya ce ba idon da zai gani sai namu da na likita. Da Arɗo ya yarda ne sauran suka biyo baya.

Duk wannan bayani, har da ita kanta manhajar, wuri ɗaya ake ajiye su a intanet. Injiniya tana kiran wurin rumbu, mu ma muka ɗauka. Kowa ya yi aikinsa ya zuba a ciki, ya ɗebo na sauran, rumbun kuma yana riƙe da tarihin wanda ya zuba kaza. Ba a shigarsa da suna da lamba irin na imel. Sai da makulli, kuma kowa shi zai ƙera nasa a kwamfutarsa.

Ranar da na ƙera nawa a tsaye na yi, laftof a kan taga, don nan ne kawai sabis ke kamawa a shagon. Injiniya na kan waya. Ta sa na buɗe wani baƙin allo wanda ba hoto ba ado, ta karanto mini umarnin harafi-harafi ina rubutawa. Kwamfutar ta tambayi inda za ta ajiye abin, Injiniya ta ce in bar mata inda ta zaɓa. Sai kwamfutar ta nemi kalmar sirri.

"Kada ka sa sunan 'yarka, Malam," in ji Injiniya. "Kada ka sa shekarar haihuwarka. Yi jimla doguwa wadda kai kaɗai za ka iya tunawa."

Na rubuta, ban ga komai ya fito a allon ba. Na ce mata madannan sun lalace. Ta yi dariya ta ce da gangan aka yi haka, don kada na bayanka ya ga tsawon abin da ka rubuta. Na maimaita kalmar, na danna. Sai ga wani ɗan akwati ya bayyana cike da ɗigo-ɗigo da taurari da sifili, kamar sawun kaji a kan shanya.

"To yanzu kana da fayil biyu," in ji ta. "Tare aka yi su, kuma ba wanda zai dace da ɗaya sai ɗan'uwansa. Na farko na fili ne. Shi za ka turo mini in maƙala a ƙofar rumbu kamar kwaɗo. Ko a bangon tasha ka manna shi ba abin da zai faru. Na biyun shi ne makullin, na ɓoye. Ba ya barin kwamfutarka. Ba imel, ba filas na kwafar fayil, ba hoto. Ko ni na ce ka turo mini, kada ka turo. In ka ji na nema, to ba ni ba ce."

Na tura mata na filin. Ba a jima ba ta ce in gwada, na gwada, rumbu ya buɗe ya gaishe ni da sunana. Na ji daɗi kamar yaron da aka saya wa keke.

Da yamma abokina ya dawo daga daji, wandonsa duk taɓo, na sa shi ya ƙera nasa a wata tsohuwar laftof da aka ba shi. Da aka zo kan kalmar sirri ya cire malfarsa ya rufe hannunsa da ita, ya daɗe yana danne-danne. Na ce littafi kake rubutawa? Ya ce da Fillanci ya yi, sunayen shanun kakarsa ne yadda take jera su in tana kiransu, kuma ko na zauna a rugarsu shekara ba zan iya jera su daidai ba. Har yau ban san su ba.

Muka yi aiki haka cikin kwanciyar hankali. Likita ya kai allura rugage da dama kafin ciwo ya yi ɓarna, makiyaya suka fara kiran abokina da kansu.

Sai Oga ya zo.

Ya biyo ayarin motocin da sojoji ke rakowa, ya shigo shagon da rana tsaka riƙe da balangu a cikin jarida. Bai duba inda zai ajiye ba, a kan murfin laftof ɗina ya ɗora. Mai ya tsattsafo ta cikin takardar. Ya zauna a kujerata, ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa a kan batirin sola, ya fara ci yana magana, ɓarɓashin ƙuli da yaji na fitowa daga bakinsa.

Ya ce masu tallafi sun tambaye shi ko shi ma yana shiga rumbun, kuma abin kunya ne a ce shugaba ba shi da makullin gidansa. Na ce wannan mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Ya ciro tasa laftof, sabuwa fil, wadda ban taɓa ganin ya buɗe komai a cikinta ba sai hotuna. Na buɗe masa baƙin allon. Ya ce shi zai danna da kansa don a ɗauke shi hoto yana dannawa. Bai wanke hannu ba. Duk harafin da ya taɓa sai ya bar masa ƙyallin mai, ina kallon wani guntun albasa ya faɗa tsakanin madannan ya danne shi da yatsa ya shige ciki.

Da kwamfutar ta nemi kalmar sirri, sai ya danna ya wuce.

"Oga, ba ka sa komai ba."

"Kalmar sirrin me? Ni da kaina zan ɓoye wa kaina abu?"

Na yi masa bayani cewa in makullin ya faɗa hannun wani, kalmar ce kaɗai za ta tsare shi. Ya ce kalmomin sirrin da ke kansa sun yi yawa, na banki ma direbansa ke tuna masa. Na ce to mu sake, in taimaka masa ya zaɓi mai sauƙin riƙewa. Ya kalle ni ya girgiza kai.

"Malam, har yanzu malamin makaranta ne kai. Komai sai ka mai da shi jarrabawa."

Na kira Injiniya na gaya mata yadda aka yi. Ta ce ba za ta maƙala makulli marar kalma ba. Ya karɓi wayar daga hannuna, ya fita waje da ita. Ina jiyo shi yana cewa shi ya ɗauke ta aiki, kuma bai zo daga Kaduna a kan wannan hanya don wata ta koya masa hankali ba. Da ya dawo ya miƙo mini wayar, gilashinta ya yi dumu-dumu da mai. Injiniya ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, ta maƙala, amma na dubawa ne kawai, ba zai iya canza komai a ciki ba. Ta ce in sake jaddada masa kada fayil ɗin ya bar kwamfutarsa. Na jaddada har sau nawa. Yana cewa na ji, na ji, yana sakace da gefen filas ɗinsa na kwamfuta.

Da ya gama sakacen ya miƙo mini filas ɗin, da ɗan zaren nama a bakinsa.

"Zuba mini naku makullan a nan, kai da ɗan Fulani. Saboda tsaro. In wani abu ya same ku fa? Kun san garinku."

Ban karɓa ba. Na ce an hana mu, kuma ko an yarda ba shi da amfani a wurinsa, tunda ga nasa. Abokina, wanda ke tsugune a bakin ƙofa, ya ce shi kam nasa ba ya fita, ya riga ya yi wa baffansa alkawari. Oga ya yi dariya ya ce yaran yanzu da tsoro. Sannan ya ari malfar abokina da sandarsa, ya tsaya kusa da babur ɗin da taɓo ya rufe, ya sa direba ya yi ta ɗaukarsa hoto yana hangen nesa kamar mai neman ɓataccen sa. Kafin la'asar ya bi ayari ya koma. Na share yammar ina goge madannai da tsumma da tsinken ashana.

Bayan 'yan makonni sabis ya ɗauke mana, kamar yadda ya saba. Ranar da sabis ɗin ya dawo ina zaune a shago da safe ina shan koko, wayata ta yi ta kuka, saƙonnin da suka taru suna shigowa. Na ga Oga ya saka ni a wani sabon guruf na waya, wai na masu ruwa da tsaki. Na duba mutanen ciki. Akwai 'yan siyasa da yaransu, akwai 'yan jarida, da dillalan shanu, da shugabannin 'yan sa-kai, da 'yan kwangila, da lambobi rututu waɗanda ba suna ba hoto. Kowa yana iya jawo wanda ya ga dama.

Na yi sama ina karantawa. Wani ya yi ba'a, ya ce irin waɗannan ayyuka a takarda kawai suke, ba wanda ya taɓa ganin abin da suke yi. Wasu suka mara masa baya. Sai ga amsar Oga. Ya turo adireshin rumbun. Ya turo fayil biyu, na fili da na ɓoye, don bai san wanne ne wanne ba. A ƙarƙashinsu ya sa saƙon murya. Na danna.

"Assalamu alaikum jama'a. Mu ba ma ɓoye-ɓoye. Ga makullin ofishinmu nan na ba ku. Duk mai shakka ya shiga ya gani da idonsa, ruga-ruga, gida-gida, mun rubuta kowa. Wannan shi ake kira aiki na zamani."

A ƙasa an jera masa hotunan tafi, da Allah ya ƙara basira, da sai Oga. Wani ya ce ya kasa buɗewa. Wani ya amsa masa cewa ƙanensa ɗan jami'a ya iya, zai tura masa. Saƙon tun shekaranjiya yake wurin.

Na ajiye kofin kokon.

Na kira Injiniya. Ba ta cikin guruf ɗin, ba ta san komai ba. Ban gama bayani ba na ji tana danna madannai. Ta ce ta cire kwaɗon Oga daga ƙofa, makullin ya mutu. Sannan ta duba tarihin shiga da fita. Da ta yi magana muryarta ta canza.

"Malam, an riga an shiga. An kwafi rumbun gaba ɗaya, kuma ba sau ɗaya ba. Daga wuraren da ban sani ba."

"Su waye?"

"Ba yadda zan sani. Kowane karo da makullinsa aka shiga, sunansa kawai nake gani. Yana iya zama ɗalibi ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Yana iya zama wani ne daban."

"Ba za a iya dawo da shi ba?"

"Abin da aka kwafa ya tafi."

Na kira Oga. Yana wani taro a otal, ina jin ƙarar cokula. Na gaya masa abin da ya faru, ina ƙoƙarin kada muryata ta ɗaga.

"To ku canza kwaɗon mana," in ji shi. "Bari in goge saƙon, shi ke nan."

"An riga an kwashe, ranka ya daɗe. Wurin kowace ruga, da sunaye, da yawan shanu."

"Haba Malam. Wa zai iya karanta wannan abin? Ni kaina da na buɗe ban gane komai ba. Ɓarawon daji ne zai zauna gaban kwamfuta?"

Na ce ɓarawon daji yana da waya, kuma yana da mutane a gari. Ya ja tsaki. Na ji ya tashi ya matsa inda ba hayaniya, ya rage murya.

"Saurara. Wannan magana ta tsaya tsakaninmu. Kada ku je ku gaya wa Fulanin nan, hankalinsu zai tashi a banza, su daina ba mu bayani. In masu tallafi suka ji kuma, kowa ya rasa. Ka ja kunnen abokinka. Ka ji ko?"

Na kashe wayar. Man balangu da sakace da filas duk ƙazanta ce da ruwa ke wankewa. Wannan kuwa ba ruwan da zai wanke ta.

Abokina ya shigo ya same ni zaune. Na kunna masa saƙon muryar, na gaya masa abin da Injiniya ta gani da abin da Oga ya ce. Bai yi zagi ba. Ya sa na sake kunna masa wurin da ake cewa ruga-ruga, gida-gida. Sannan ya tashi ya duba man babur ɗinsa.

"Zan tafi wurin Baffa. In za ka, hau."

Na hau. Hanyar ta yi laushi da ruwa, sau da yawa sai mun sauka mun tura. Muka wuce gonakin masara da dawa, muka wuce ƙauyukan da aka watse aka bar wa ciyawa, muka tsallake rafi ruwa har gwiwa.

Mun sami Arɗo a gindin kaɗanya yana tufkar igiya. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kindirmo a ƙwarya. Suka gaisa da Fillanci doguwar gaisuwa, ya juyo ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi iyalina. Sannan abokina ya sunkuyar da kai ya fara bayani. Da ya zo inda ya kasa, ya ce in ƙarasa. Na ce akwai ɗakin da muke ajiye sunayensu da wuraren zamansu, kowannenmu da makullinsa, kuma makullin shugabanmu ya shiga hannun mutanen da ba mu sani ba, sun shiga sun kwafa.

Arɗo ya ajiye igiyar.

"Sace masa aka yi?"

"A'a, Baffa. Shi ya bayar."

"Bindiga aka ɗora masa?"

"A'a."

"To sayarwa ya yi."

"Bai sayar ba. Kyauta ya raba wa jama'a."

"Don me, Malam?"

Na ce, "Don a yaba masa."

Dattijon ya juya gefe ya tofar da yawu. Ya tura ƙwaryar gabana ya ce in sha, ai na sha hanya. Sannan ya faɗa wa ɗan ƙanensa wata magana gajeriya da Fillanci. Na ga idon abokina ya kaɗa. Daga baya na tambaye shi abin da aka ce, ya ce in bar shi.

Washegari suka fara tashi. Tsakiyar damina ce, ba lokacin ƙaura ba. Masarar da suka shuka a kan takin shanu ta fitar da gemu amma ba ta nuna ba, haka suka bar ta. Na kwana biyu a wurin ina taya su cire sandunan bukkoki muna ɗaure wa shanun dako. Akwai wata mai jego da ba ta yi arba'in ba, aka ɗora ta a babur ɗin abokina da jaririnta, uwar mijinta na biye a ƙafa tana riƙe da tukunyar ruwan zafi. Maruƙan da ba su yi ƙwari ba aka saɓa su a wuya. Mata na kwashe ƙorai suna kallon mu ta gefen ido. Ba wanda ya ɗaga mini murya, kuma da sun ɗaga da na fi samun sauƙi. Ban tambayi inda za su ba, ba kuma wanda ya gaya mini.

Abokina ya zagaya sauran rugagen shi kaɗai, har wajen Kuyello da Dogon Dawa. Wasu suka tashi. Wasu suka ce ba su da inda za su. A wata rugar ba su bari ya sauka daga babur ba.

Ba zan ce ga abin da makullin Oga ya jawo ba, don ban sani ba. Wata ruga daga cikin waɗanda suka zauna an kore mata shanu kafin kaka. Amma dama ana kore shanu a dajin nan tun kafin mu fara aikin, kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa ta rumbunmu aka gano su. Oga ya riƙe wannan da hannu biyu. Duk sanda maganar ta taso sai ya ce, kun gani, ba hujja.

Injiniya ta rufe tsohon rumbun ta buɗe sabo, ba wurin ruga ko ɗaya a ciki. Ta ce kowa ya ƙera sabon makulli. Na sake tsayawa a bakin taga, na rubuta umarnin, wannan karon ba wanda ya karanto mini. Ɗan akwatin ya fito da wani zanen daban. Ban ji komai a raina ba. Oga ya nemi a maƙala nasa, ta ce masa a'a, kai tsaye. Ya yi barazanar korarta, sannan ya tuna ba wanda zai iya riƙe manhajar sai ita, sai ya ce dama shi aiki ya yi masa yawa.

Sabon rumbun ya kulle da kyau, sai dai ba abin zubawa a ciki. Makiyaya sun daina kira. Abokina ya kawo tsohuwar laftof ɗin ya ajiye a kan teburina ya ce ya gama. Da sammore ya shigo a ƙarshen damina, likita ya kira ni yana tambayar inda zai nufa, na ce ban sani ba.

Aka kira taron rufe aikin a wani otal a Kaduna. Na je, don Injiniya ta roƙe ni kada in bar ta ita kaɗai. Ɗakin ya yi sanyi da na'ura, an jera ruwan roba da alewa a kan tebura. Ba makiyayi ko ɗaya a wurin. Oga ya hau mumbari cikin babbar riga, aka haska hotonsa a bango, da malfa da sanda, kusa da babur mai taɓo. Ya ba da labarin yadda ya sha ratsa daji da rayuwarsa a hannu. Sannan ya zo kan abin da ya kira tsaron bayanai.

"A aikinmu," in ji shi, "kowane ma'aikaci yana da makulli biyu. Ɗaya na fili, ɗaya na ɓoye. Na ɓoyen ba ya barin kwamfuta. Na kafa musu doka, na ce ko ni na nema kada su ba ni."

Aka tafa. Wata mata daga masu tallafi tana rubutawa tana gyaɗa kai. Na kalli Injiniya, ta zuba wa tebur ido, tana murza murfin gorar ruwa har ya tsage. Sai na ji Oga yana cewa ga ɗaya daga cikin yaran da ya horar da hannunsa, daga Birnin Gwari, in tashi a gan ni. Na tashi. Aka juyo ana tafawa. Na ɗauki jakata, na bi ta tsakiyar kujerun, na fita ta ƙofar baya. A bakin ƙofa wani ma'aikacin otal ya miƙo mini shinkafa da kaza a roba, na ce ya ba wani. Daga nan na nufi tasha.

Injiniya ta rubuta wa masu tallafin duk abin da ya faru. Suka amsa da cewa sun gode, za su duba. Yanzu Oga yana da wani sabon aikin a wata ƙaramar hukuma, na ji an ce na mata masu ciki ne. Ni na koma aji. Ina koya wa 'yan aji shida yadda ake ƙera makulli, ko da yake ba ya cikin manhajar karatu.

Abokina yanzu sayar da maganin dabbobi yake yi a kasuwa. Bayan Babbar Sallah na haɗu da shi wurin mai faci, tayarsa ta yi faci, muka zauna a kan benci muna jira. Ya ce ya je gaida Baffa a sabon wurinsu. An karɓe shi da kyau, an yanka masa zabo, an tambayi mahaifiyarsa. Amma ya lura duk inda ya zauna sai hirar maza ta tsaya, a koma maganar ruwan sama. Da zai tafi ya tambayi Baffa ina za a kai shanu cin rani bana, don ya san maganin da zai tanadar musu.

"Me ya ce?"

"Ya ce inda Allah ya nufa. Sannan ya ce in gaida mutanen gari."

Mai faci ya tsoma tayar a ruwa yana neman inda iska ke fita. Abokina ya tashi ya je ya tsuguna kusa da shi, ya nuna masa da yatsa.